Daga Edinbura zuwa Braemar, ido a kan takalman masu kilti

Ƙanena da ke aiki da wani kamfanin mai a Aberdeen shi ya ja ni zuwa Sikotlan. Abokin aikinsa, ɗan asalin ƙasar, zai yi aure a watan Satumba, ya sa shi cikin abokan ango, kuma sharaɗin shi ne kowa ya fito cikin kilti, wato siket ɗin nan na ulu mai ratsi-ratsi da aka san mazan tsaunukan arewacin ƙasar da shi. Lokacin ina Landan kan wani ɗan kwas. Ya kira ni ya ce, "Yaya, don Allah ka hawo jirgin ƙasa mu haɗu a Edinbura ka raka ni awo. In za a yi mini dariya, gara a fara daga gida."

Daga tashar King's Cross zuwa Waverley tafiyar wajen awa huɗu da rabi ce, kuma da an wuce Newcastle layin dogon yakan bi gaɓar teku, har mutum ya manta da wayarsa a aljihu. Na iske Edinbura maƙil da baƙi, don ƙarshen Agusta ne, bukukuwan wasanni na shekara-shekara ba su watse ba. Titin Royal Mile, wanda ya gangaro daga tsohuwar fadar da ke kan dutse har zuwa fadar Holyrood, cike yake da shagunan kilti, mafi yawansu na 'yan yawon buɗe ido, yadi shara-shara, ɗinkin inji. Na ainihi yana cin yadi 8 na ulu mai nauyi, a tattare shi ninki-ninki ta baya a ɗinke da hannu, kuma da ka ɗaga shi ka san ka ɗaga kaya.

Shagon haya da ango ya zaɓa yana can nesa da hayaniyar. Wata budurwa ta jero wa ƙanena kayan a kan teburi: kilti, gajeriyar baƙar kwat mai maɓallan azurfa, jakar fata da ake ratayawa a gaba tunda kilti ba shi da aljihu, doguwar safa, 'yan ƙyallayen da ke leƙowa daga bakin safar, da 'yar wuƙar da ake sokewa a safar dama. Wuƙar nan doka ta yarda da ita in dai cikin kayan gargajiya ake, amma ta haya roba ce. Sai ta sunkuya ta ɗauko takalmi.

Sunansa gili. Baƙin sau-ciki ne mai adon huji-huji a goshi da gefe, sai dai an cire masa harshen nan da ke kwanciya a saman ƙafa, saboda haka safa na leƙowa ta tsakanin igiyoyi. Igiyar kuwa ta haura mita guda, da 'yan tuntaye a bakinta. Ana murɗa ta sau da dama a gaban ƙafa, a zagaya da ita bayan idon sawu, a dawo da ita a ƙulle a gaba ko a gefe. Budurwar ta ce wannan shi ne takalmin kilti, shi kowa ke ɗauka, kuma hujojin da rashin harshen duk don ruwa ya samu hanyar fita ne in mutum ya ratsa fadama.

Dattijon telan da ke awo bai tanka ba sai da ta shiga ciki. Yana durƙushe da tef a wuya, yana duba inda bakin kilti zai tsaya, wato tsakiyar ƙoƙon gwiwa, ya ce wa ƙanena, "Samari, in ango ya ce gili, gili za ka sa, ranar tasa ce. Amma ka roƙe shi ya raba ku da farar safa." Ya kalli safar da ke kan teburi irin kallon da dattijon Kano zai yi wa wanda ya sa babbar riga da kambas. A cewarsa shagunan haya ne suka cika gari da farar safa, don launi ɗaya ne da ke shiga da kowane irin ratsi, ba sai an tara kala-kala a sito ba. Shi kansa gilin, in ji shi, bai taɓa ganin mahaifinsa da shi ba, alhali mutumin ya tsufa cikin kilti.

Daga wannan rana na koma kallon ƙafafun mutane.

Wurin farko da na gwada maganar dattijon shi ne cikin tsohuwar fada, inda gidan tarihin yaƙi na ƙasa yake. Sojojin rundunar Sikotlan, wadda aka haɗe tsofaffin rundunoni aka kafa a 2006, su ne suka fi kowa tsanani a kan ƙa'idar wannan tufa, kuma a kayan faretinsu ban ga igiya tana hawa ƙwauri ba. Baƙin takalmi ne mai harshe, a rufe samansa da farin ƙyalle mai maɓallai har bisa idon sawu, sannan safa mai ɗaki-ɗaki ja da baƙi. A tsofaffin zane-zane na ƙarni na 18 kuwa, abin da ya fi yawa a ƙafar soja da ta basarake shi ne gajeren takalmi mai bakul na ƙarfe a sama. Jikan wannan takalmi yana nan har yau: siririn baƙi mai ƙyalli, da ɗamara guda a saman ƙafa da bakul na azurfa wajen yatsu, wanda hafsoshi da masu tsananin bin ƙa'ida ke sawa a liyafar dare. Samarin yanzu suna gudunsa, wai ya yi kama da takalmin 'yan mata 'yan makaranta. Ni dai a cikin gilashi na gan shi, kuma ya fi gili kyau nesa ba kusa ba.

A kan titin George akwai mutum-mutumin Sarki George na Huɗu, wanda ya ziyarci Edinbura a watan Agustan 1822. Marubuci Walter Scott ne ya tsara bikin tarbarsa, ya sa manyan gari, har da waɗanda kakanninsu ba su taɓa ɗaura kilti ba, suka bazama neman tela. Sarkin da kansa ya fito cikin kilti, amma ya sa wani matsattsen wando mai launin fata a ƙarƙashi, abin da ake yi masa dariya a kai har gobe. Daga wannan biki ne tufar mutanen tsauni ta fara zama tufar ƙasa baki ɗaya, kuma daga nan telolin birni suka samu bakin magana a kan abin da ya dace da abin da bai dace ba.

Ƙanena ya koma bakin aiki, ni kuma na hau jirgin Inverness. Bayan Perth da Pitlochry ƙasa takan fara tashi, bishiyoyi su ragu, har a kai mashigar Drumochter, mita 452 sama da teku, wuri mafi tsayi a manyan layukan dogon Birtaniya. Ta taga ba ka ganin komai sai tuddai masu gajeriyar ciyawa ruwan hoda, da ruwa yana tsattsafowa ta ko'ina, da tumaki. Na sauka a Newtonmore saboda gidan tarihin rayuwar mutanen tsauni, inda aka sake gina wani ƙauye irin na shekarun 1700, ɗakuna na dutse da ƙasa mai ciyawa, rufin ciyawa, hayaƙi na fita ta saman jinka.

A nan labarin budurwar shago ya samu gindi. A wajajen 1543 wani malamin coci ɗan arewacin Sikotlan mai suna John Elder ya rubuta wa Sarki Henry na Takwas na Ingila wasiƙa, a ciki ya bayyana yadda mutanensu ke yin takalmi. In sun kashe barewa sai su feɗe ta nan take, mutum ya ɗora ƙafarsa a kan ɗanyar fatar ya yanka daidai da ita, gashi na waje, ya huhhuda saman don ruwan da ya shiga ya fita, sannan ya zarga tsirkiya ya ɗaure a bisa idon sawu. Ke nan huji da doguwar igiya duk suna da asali. Wanda ke wuni yana ratsa rafi da taɓo ba ya neman takalmin da zai hana ruwa shiga, don babu shi. Wanda zai saki ruwan da wuri yake nema, wanda kuma laka ba za ta zare masa shi daga ƙafa ba. Talakawa da yawa ma, musamman mata da yara, ba takalmin suke yawo.

Sai dai tsakanin wancan ɗanyar fata da abin da aka ba ƙanena akwai tafiya mai nisa. Gilin yau yana da tauri, yana da dunduniya, wani har da ƙarfe a ƙasa don ya riƙa ƙwas-ƙwas a kan daɓe. Hujojinsa ado ne kawai, a fatar sama suka tsaya, akwai wata fatar a ƙarƙashinsu. In ka shiga fadama da shi ruwa zai shiga ta inda harshe ya kamata ya kasance, ya zauna. Na tuna da haka washegari a filin Culloden, gabas da Inverness kaɗan, ina tafe a kan turbar da aka gyara wa baƙi, ruwa kwance dama da hagu cikin ciyawa. A nan ne ranar 16 ga Afrilu 1746 sojojin gwamnati ƙarƙashin Duke na Cumberland suka murƙushe mayaƙan Yarima Charles Edward Stuart, wanda ya yi tawaye don maido wa gidansu sarautar Birtaniya da goyon bayan dangogin tsauni da dama, cikin ƙasa da awa guda, aka kashe fiye da mutum 1,000, kuma taɓon wurin na daga cikin abin da ya karya saurin harin mutanen tsauni. Jajayen tutoci da shuɗɗa suna nuna inda kowane ɓangare ya ja daga, ga duwatsu ɗauke da sunayen dangogi a kan kaburburan bai-ɗaya.

Bayan wannan yaƙi majalisar Landan ta yi dokar hana maza da yara maza na Sikotlan sa kayan tsauni, ta fara aiki a 1747. Laifin farko ɗaurin wata shida, na biyu a kora mutum ƙasashen ƙetare shekara bakwai. Sojojin sarki kaɗai aka ware. Ba a soke dokar ba sai 1782, lokacin an yi zuriya guda da ta tashi cikin wando. A ganina wannan giɓi shi ne tushen gardamar takalmi. Tufar ba ta gangaro daga uba zuwa ɗa a gona da makiyaya ba yankewa. Bariki ne ya riƙe ta, sannan fada da teloli suka sake yi mata fasali. Kowa ya ɗauki guntun da ya iske ya ce nasa ne na asali. Ko zane-zanen da Sarauniya Victoria ta sa Kenneth MacLeay ya yi na barorinta da mutanen dangogi, waɗanda aka buga a 1870, ba su tsaya a kan takalmi ɗaya ba: akwai mai bakul, akwai gili, akwai but mai kaiwa idon sawu.

Daga Inverness na yi gabas zuwa Aberdeen, garin da aka gina da dutse ruwan toka, inda 'yan Najeriya suke da yawa saboda aikin mai da jami'o'i. Ranar Asabar ta farko a Satumba muka kama hanyar da ke bin kogin Dee ta Banchory da Aboyne da Ballater, muka wuce kusa da Balmoral, gidan hutun sarauta, muka isa Braemar. Taron wasannin gargajiya na wannan ƙauye ya fi kowanne suna, Sarauniya Victoria ta fara halartarsa a 1848, kuma gidan sarauta bai daina zuwa ba. In mutum na son ganin kilti a jikin masu shi, ba a jikin gunkin shago ba, nan ne wurin.

Masu busa algaita mai salka su ne mutanen gili na gaskiya. Ƙungiya bayan ƙungiya suka shigo fili, ban da na soja, yawancinsu da baƙin gili mai kaurin ƙasa, an goge shi yana ɗaukar ido, igiya a ƙulle wuri ɗaya a ƙafar kowa. A jere haka abin yana da kyau ƙwarai, kuma na fahimci dalilin da ya sa duniya ta ɗauka shi ne takalmin kilti: masu busa su ake gani a talabijin. 'Yan rawa, galibi 'yan mata ƙanana, nasu gilin daban ne, laushi gare shi kamar safar fata, ba dunduniya, don rawar a kan yatsu ake yin ta, wata ma a tsakanin takubba biyu da aka gicciya a ƙasa.

Ƙartin fili kuwa ba ruwansu da ado. Dole su sa kilti, amma ƙafa kowa da abin da zai riƙe shi. Masu jifa da gungumen itace, mai tsawon kusan mita 6 da nauyin kusan kilo 60, wanda ake so ya wuntsila ya faɗi miƙe gaban mai jifa, takalmin wasanni mai ƙusoshi suke sawa. Masu wurga guduma su suka fi ba ni mamaki. Ba a yarda su juya jiki ba, a tsaye suke wulwula ta bisa kai su sake ta ta baya, saboda haka but ɗinsu yana da dogon ƙarfe kamar wuƙa a goshi, su caka shi cikin ƙasa don kada nauyin ya tumɓuke su. Ban ji wanda ya ce musu sun saɓa al'ada ba.

Sai alƙalan wasa da dattawan yankin, masu kwat ɗin ulu mai kaushi da doguwar sanda mai lanƙwasa. Su na fi zuba wa ido, don su ne suka sa kilti kamar ba su san sun sa ba. Kusan dukkansu takalmi ɗaya ne a ƙafarsu: burog, sau-ciki mai adon huji, mai harshe, mai gajeriyar igiya, mai kauri, baƙi ko ruwan ƙasa, da safa kore ko ruwan toka ko ja mai duhu. Irin shigar da Sarki Charles kan yi ke nan in ya zo wannan taro. Na zauna kusa da wani manomi da matarsa, muka raba shayi daga fulas ɗinsu, na tambaye shi ra'ayinsa kan gili. Ya ce yana da guda a gida, na ranar aurensa, kuma tun ranar bai sake neman sa ba. Matar ta ce ƙarya yake, ya sa a auren 'yarsu, igiyar ta kwance a tsakiyar rawa ya kusa kai ta ƙasa. Ko a kan launi ba su daidaita ba. Shi ya ce baƙi kaɗai ya sani, haka aka koya masa a soja. Ita ta ce da rana, da kwat ɗin ulu, ruwan ƙasa ya fi, baƙi na jana'iza ne da dare.

Bikin auren an yi shi a wani tsohon gidan gona da aka mayar wurin taro, a ƙauyen da bai da nisa da Ballater. Ni kaftanina na sa da hula, kuma na sha tambaya a kan aikin wuyan fiye da yadda ƙanena ya sha a kan gwiwoyinsa. Ango ya ji shawarar tela, an canza safa zuwa baƙa-baƙa, kuma gaskiya abokan ango sun fito. Na lura da wani abu da dattawa ke yi wa dariya a ɓoye: wasu samari sun naɗe igiyar gili tana hawa har rabin ƙwauri, gicciye bisa gicciye, alhali wurinta ɗan sama da idon sawu ne. In ta hau sama, ba abin da zai riƙe ta, tafiya kaɗan sai ta zamo.

Da magariba ta yi muka nemi wani ɗaki a baya. Ƙanena ya zauna yana kwance igiya, ya zare safa mai kaiwa gwiwa, ya ajiye wuƙar roba da 'yan ƙyallaye a gefe, ya zura wandon da ya taho da shi a jaka, bayan sallah kuma ya sake ɗaura komai daga farko. Ya ɗago ya ce, "Yaya, wanda ya ƙirƙiro takalmin nan bai san alwala ba."

Bayan abinci aka kawar da tebura aka shiga rawar keli, wadda ake yi ƙungiya-ƙungiya, mai goge da mai akodiyan suna kiɗa, wani yana faɗin matakai da ƙarfi. Akwai wadda maza da mata ke yin layi biyu, a riƙa cafke hannu ana juyi daga wannan zuwa wancan har ƙarshen layi, da gudu. A nan kowane takalmi ya nuna halinsa. Gilin haya mai santsin ƙasa ya kai mutum biyu ƙasa a kan katakon da aka goge. Igiyoyi suka riƙa kwancewa, kowane lokaci akwai wani durƙushe a gefe yana ɗauri. Wasu tsofaffi da suka san dawan garin sun zo da laushin takalmin rawa a leda, suka canza tun kafin a fara. Kafin sha ɗayan dare samari da dama sun koma kambas, safa ta zube a idon sawu, irin shigar da magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙasar ke yi da manyan but idan za su filin Hampden a Gilasgo. Kakan amarya, da burog ɗinsa na kullum, bai zauna ba sai da aka tashi.

In aka tambaye ni, gili na mai busa ne da ango da abokansa, ranar da ake son kowa ya zama iri ɗaya a hoto, kuma a wannan aikin ba shi da laifi. Mai bakul na dare ne, ga wanda ke da ƙarfin halin sa shi. But na tudu ne da filin ƙwallo. Amma mutumin da zai mallaki takalmi ɗaya tak don kilti, ya je coci ko ɗaurin aure ko taron wasanni da shi, ya taka ciyawa mai raɓa ya shiga zaure, burog mai harshe ya kamata ya saya, ya kuma kashe kuɗin da ya rage a kan safa mai kyau.

Ƙanena, wanda ya fara da tsoron dariya, ya tashi daga bikin yana lissafin ɗinka nasa kilti, don wani abokin aikin ma ya sa rana a bazara. Kafin in kama jirgin komawa Landan muka bi titin Union a Aberdeen, ya gwada takalma a shaguna, ya tsaya a kan baƙin burog mai ƙasan roba saboda ruwan garin. Ranar Litinin da shi ya tafi ofis, da wando.